Labule a Motar Surukina

Mu da muka tashi a Jabal Awliya ba mu ɗauki jini a fitsari a bakin komai ba. Duk yaron da ya yi wanka a bayan madatsar ruwa, ya bi masunta cikin ciyawar bakin kogi, sai ya yi tsargiya, wanda bai yi ba kuwa dariya muke masa, mu ce har yanzu bai zama namiji ba. A ba ka magani ka haɗiye, abu ya wuce, baɗi ya dawo. Saboda haka da na ga ja a ban ɗakin gidana na Umdurman, ina da shekara sittin da 'yan kai, cewa na yi tsohon baƙo ne ya kawo ziyara. Na sayi ƙwayoyin tsargiya na sha, na koma rumfata a kasuwa na ci gaba da ɗinkin markub, takalmin fatar nan da dattawan ƙasar nan ba sa zuwa taro sai da shi.

Mai ɗakina ce ta ƙi yarda, don ita ke wanke ban ɗakin, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Hajji, kai da ko ƙafa ba ka tsoma a Nilu ba tun kafin a haifi 'yarka, tsargiyar ta ina ta shige ka? Ta famfo?"

Na ce mata ta bar ni da abin da na sani tun ina yaro. Ta ce ai shi ya sa, sanin yaro ne. Haka muka yi ta ja har ranar da jinin ya fito da gudaji, na tsorata, na bi ta mustashfa, wato asibiti, a Khartoum kamar rago.

Likitan bai kai ƙaramin ɗana shekaru ba. Ya zura wata siririyar na'ura mai ido ta hanyar fitsari ya leƙa mafitsarata, ya ga wani ɗan tsiro a jikin bango. Suka kwantar da ni suka kankare shi, suka aika a duba. Da sakamako ya dawo ya zaunar da ni ya ce ciwon daji ne, amma Allah ya sa an gan shi da wuri, yana kan shimfiɗar ciki, bai kai ga naman bango ba. Wannan na gane shi sarai, ni da na ƙare rayuwata ina duba fata: akwai lahanin da ke fuska, a kankare ya fita, akwai wanda ya huda, sai dai a yanke wurin a yar. Ya tambayi sana'ata, ya dubi farcena da rini ya riga ya zauna a ciki, ya tambaya ko na sha taba. Na ce na bari tun da na sauke farali. Ya gyaɗa kai.

Ya ce irin nawa yana da naci, yana son dawowa, shi ya sa zai haɗa min magani iri biyu. Na farko guba ne, yana kashe ragowar ƙwayoyin ciwon kai tsaye. Na biyu dangin allurar tarin fuka ne da ake yi wa jarirai a kafaɗa, shi ba ya kashe komai da kansa, garkuwar jiki yake tsokana ta taso ta yi faɗan. Ba sha ake yi ba, ba kuma a jijiya ba. Ta roba za a ɗura su cikin mafitsara, sau ɗaya a mako, wani lokaci wannan wani lokaci wancan, in riƙe kamar awa biyu sannan in zubar.

"In ka bi shi har ƙarshe, ya Hajji, ina sa ran mafitsararka za ta zauna," in ji shi. "Ban yi maka alkawari ba. Amma in ka yi wasa ya shiga nama, cire ta za mu yi, ka koma fitsari a jaka a gefen ciki."

Na san jakar. A bencin jira na zauna kusa da wani dattijo daga Kalakla da aka yi wa haka, ya ce min yana sallarsa yana kasuwarsa, an saba. Na yi masa fatan alheri da baki, a zuci kuwa na roƙi Allah kada ya nuna min.

Sai maganar wanda zai riƙa kai ni. 'Ya'yana maza biyu, ɗaya yana Saudiyya, ɗaya yana wajen haƙar zinariya a arewa. Likita ya hana ni hawa hafila, bas ɗin haya, ni kaɗai, ya ce maganin yana kawo zazzaɓi da jiri. Namijin da ya rage a kusa shi ne mijin 'yata ta fari, kuma yana da mota, irin ƙaramar motar hayar nan da muke kira amjad. Da safe yana koyarwa a wata makarantar Islamiyya, da yamma yana ɗaukar fasinja.

Sai na faɗi ko wane ne shi a wurina. Daga Damagaram ya zo karatu Khartoum, ya gama, ya ga 'yata a gidan wata gwaggonta, ya zauna. Mu Hausawan Umdurman kakanninmu ne suka taho da ƙafa kan hanyar Makka suka yada zango, kuma abubuwa da yawa sun zube mana a hanya. Maƙwabcina surukinsa hannu yake ba shi, su ci waken ful a kwano ɗaya suna musun ƙwallo. Wannan yaro kuwa ya zo mana da surukuta sabuwa fil, irin wadda nake jin labarinta a bakin kakata. Tun daga bakin lungu yake tuɓe takalmi. Ya durƙusa nesa da ni, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa har sai na gaji da amsawa. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa shan ruwa ina kallo ba. In na shigo ɗaki ya tashi ya fita. Ni ma na karɓi abin hannu bibbiyu, na daina kiran sunansa, sai dai in ce Malam, in kuma ina da magana da shi in ba mai ɗakina ta ba 'yata ta kai masa. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. A kasuwa har gori nake yi wa abokaina dukawa, in ce ku surukan hannu gare ku, ni nawa na asali ne, daga tushe aka kawo min shi.

To wannan mutumin ne zai kai ni inda ake tuɓe min wando.

Ranar farko ya zo ya durƙusa a ƙofar gida ya ce, "Baba, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Na amsa ina duban bango. Na wuce can kujerar ƙarshe na zauna, ya ja mota. Daga Umdurman har muka haye kubri, gadar kan Nilu, muka shiga Khartoum babu wanda ya yi tari.

Abin da ake yi a ɗakin magani ba zan tsawaita ba. Wani saurayin ma'aikacin jinya ne yake sa robar, yana yi yana ba ni labarin tsadar tumatir don in manta. Na rufe ido na haɗiye wannan, don shi baƙo ne, ba zan gamu da shi a suna ko jana'iza ba. Matsalar tana waje. Gadaje ba su isa ba, in an ɗura maka sai ka fito baranda ka zauna ka riƙe, lokaci ya cika ka shiga ban ɗaki. Ban ɗakin kuwa yana ƙarshen barandar, daidai gaban bencin da 'yan rakiya suke zama. A nan Malam yake zaune da littafinsa. Wato in tashi in ɗauki buta in bi ta gaban gwiwoyinsa, in shiga, in tsuguna, in zuba ruwan kilor kamar yadda aka umarce mu saboda masu shiga bayanmu, in jira, in fito ina gyara riga, shi kuma yana nan yana jin ƙarar ruwa. Na duba na ga ba zan iya ba.

Na koma na tambayi ma'aikacin ko zan iya tafiya da maganin gida in zubar a can. Ya ce, "Umdurman? In hanya ta yi kyau za ka isa a kan lokaci. Amma kada ka wuce lokacin, ya Hajji, kuma kada ya taɓa maka fata." Na ce halas, an gama. Na fito ina jin na yi dabara.

Makonnin farko dabarar ta yi aiki. Mu iso gida ina cije leɓe, in sauka da natsuwa kamar mai dawowa daga ɗaurin aure, sai na shige soro sannan in ruga. Mai ɗakina tana ganin gudun ta ce, "Wata rana kubrin nan zai tona maka asiri." Na ce bakinki ya sari ɗanyen kashi.

Ranar da abin ya faru, ranar maganin guba ce. Shi wannan yana da launi, shuɗi ne mai ja-ja, kamar ruwan da aka wanke tukunyar rini. Mafitsarar ta riga ta yi tsami da makonnin baya, ba ta riƙo kamar da. Tun muna cikin Khartoum na ji ta fara murɗawa. Kafin a hau kubri akwai wani gidan mai da ɗan masallaci a gefensa, da jerin ban ɗaki. Na ga wurin. Na ji Malam ya rage gudu, na ga idonsa ya zo madubi ya koma. Kalma ɗaya ce, tsaya. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, don in na ce tsaya to na faɗa masa dalili ke nan. Shi ma bai tambaya ba. Motar ta wuce a hankali, muka hau.

A tsakiyar kubri wata babbar hafila ta mutu. Motoci suka cushe, gaba ba hanya, baya ba hanya. Rana tana tsaka, ƙarfen motar kamar tanda. Masu tallar ruwan sanyi suna bi tsakanin motoci suna ƙwanƙwasa gilashi da roba. Na duba dama ruwa, na duba hagu ruwa, Nilu yana ta tafiyarsa hankali kwance. Na matse cinyoyi, na kama ƙarfen kujera, na karanta duk abin da na haddace. Gumi ya jiƙa min rawani. Na yi wa Allah alkawura iri-iri a wannan wuri, wasu har yau ban cika ba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai san lokacin da jikina ya daina jin maganata. Ɗumi ya bi cinyata, farar jallabiyata ta rine tun daga cinya har ƙasa, na ji yana ɗiga a kan ƙarfen ƙasan mota. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai hanya ta buɗe, muka fara gangarowa ɓangaren Umdurman, ruwan ya bi ƙarƙashin kujeru ya nufi gaba. Ina kallonsa yana tafiya, siriri, shuɗi, har ya ɓace a ƙarƙashin kujerar direba, inda ƙafafun mijin 'yata suke.

Na so kubrin ya tsage in faɗa kogi. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ko ranar da aka yi min kaciya.

Malam bai juyo ba. Ya ɗaga hannu ya murɗa madubin ya kalli rufi. Ya zare mayafin da ke kafaɗarsa ya miƙo ta baya, fuskarsa na kan titi. Na karɓa na rufe cinyata. Da muka iso lungunmu bai tsaya inda ya saba ba, ya yi ta juya motar har ƙofarta ta manne da ƙofar gidana, yadda ko kaza ba za ta ga mai fitowa ba. Ya kashe, ya fita, ya miƙe lungu da ƙafa bai waiwayo ba.

Mai ɗakina ta wanke ni da sabulu da ruwa mai yawa, duk da haka cinyoyina suka yi ja suka saɓule. Ta jiƙa jallabiyar tana cuɗawa. Na ce ta bari, ni baduku ne, na san tabon da ba ya fita. Na sa ta ƙone ta a bayan gida. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma shirun nata ya fi min ciwo.

Da mako ya zagayo na ce ba zan je ba. Aka ce Malam yana ƙofa, na ce a ce masa ina barci. Wani makon ma haka. Kasuwa ma na daina fita, ina ganin kamar duk wanda ya dube ni ya sani, alhali ba wanda ya sani sai mu uku. Likita ya kira wayar 'yata ya ce a gaya min maganin nan ba a yi masa tsalle-tsalle, in tazara ta yi yawa aikin baya ya lalace, kuma ciwon ba ya jiran kowa. Na ji saƙon, na juya fuska bango. Jakar dattijon Kalakla tana zuwa min a ido, amma in na tuna siririn ruwan nan yana gangarawa gaba sai in ji gara jakar.

Na faɗa wa mai ɗakina haka. Na ce su cire ta, na haƙura, da in sake haɗa ido da yaron nan.

Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta kama ƙugu. "To madalla. Ranar da za a cire ta, wa zai kai ka? Ranar da za a sallamo ka da jaka a gefe, wa zai ɗauko ka? Aljanu? Ba shi ɗin ba ne dai?" Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Hajji. Kai ka ɗauko surukutar mutanen da ka ɗora wa kanka, kana gori a kasuwa, yanzu ga shi za ta ci maka mafitsara."

Na daka mata tsawa ta fita. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Washegari 'yata ta zo. Ita ma 'yar fari ce, tsakanina da ita akwai tamu kunyar, ba na kiran sunanta, ba ta zama kusa da ni. Ta zauna a bakin ƙofa ta ba ni gefe, tana magana da dabe, Hausa tana zame mata tana kamo Larabci kamar yadda yaran yanzu suke yi.

"Yaba, ma'alesh, ka yi haƙuri, zan yi magana. Shi bai aiko ni ba. Tun ranar nan ba ya cin abinci sai na matsa. Ya ce laifinsa ne. Ya ce ya gan ka a madubi kana gumi, ya san abin da ke damunka, ya ga masallacin, kunya ta hana shi tsayawa don kada ka san ya gane. Ya ce in aka yi maka amaliyya, aka yanka aka cire, shi ya jawo."

Na ce, "Wane irin laifinsa? Shi ya ɗura min?"

"Haka na ce masa. Bai ji ba." Ta ja gefen mayafinta ta goge hanci. "Yaba, babansa ya yi jinya a Damagaram yana nan yana imtihan, yana jarrabawa. Ƙannensa ne suka yi ta ɗaukar tasa suna wankewa. Kafin ya isa an binne. Ba ya maganar, amma ni na sani."

Ta tashi ta tafi wajen uwarta. Na zauna ni kaɗai. Duk kwanakin nan ina kwance ina ganin ni kaɗai ne mai kunya a Umdurman, ashe a ɗaya gefen garin akwai wani yana ɗauke da irinta, har da ƙari. Ban yanke shawarar komai ba, amma da mai ɗakina ta fito da wata jallabiya ta goge ta rataye a ƙusa, ban ce ta mayar ba.

Ranar magani Malam ya zo tun da hantsi. Na ji muryarsa daga soro, ƙasa-ƙasa kamar kullum. "Baba, an tashi lafiya? Mota ta shirya." Na ja rawani na rufe rabin fuska, na fito ina kallon ƙafafuna. Motar tana manne da ƙofa. Na shiga, sai na tsaya.

Ya ɗaura igiya daga wannan gefe zuwa wancan a bayan kujerar direba, ya rataye labule mai kauri, irin na ƙofar ɗaki, har ƙasa. Tagogin baya ya manna musu takarda mai duhu. An shimfiɗa leda a ƙasa, an naɗe bakinta ta gaba an tokare da katako. A gefen kujerata ga bokiti mai murfi, ga buta cike da ruwa, ga kwalbar kilor, ga sabulu a ɗan kwano, ga tsohon zane a ninke. Babu wanda ya yi min bayani, babu kuma bukata. Na zauna a bayan labulen nan ina jin kunya da wani abu daban da ban san sunansa ba, idona ya cika.

Daga bayan labule ya yi magana, kamar da sitiyari yake yi. "Fasinja in suna son sauka, yatsa suke ƙyastawa." Shi ke nan abin da ya ce. Haka ake yi a kowace hafila a garin nan, ka ƙyasta yatsa, yaron mota ya ji, a tsaya, ba sai ka ce komai ba.

Likita ya yi min faɗa sosai, faɗan da ɗan cikina bai isa ya yi min ba, na sunkuyar da kai na sha. Ya duba ya ce za a ci gaba daga inda aka tsaya, a ƙara wasu makonni, sauran sai abin da aka gani. Da na fito baranda da maganin a cikina, bencin 'yan rakiya babu Malam. Ya bar saƙo wurin mai shara cewa ya tafi duba taya. Daga ranar kullum tayar nan sai ta bukaci dubawa, kuma ba ta gyaruwa sai na fito daga ban ɗaki na zauna na huce.

Zubar da maganin a mustashfa bai kashe maganar ba, don bayansa ne wutar take tashi. Musamman na biyun, mai tsokanar garkuwar jiki. Shi in ya shiga, ranar nan fitsari ba ya ba ka notis, yana zuwa da zafi kamar an zuba barkono, ga sanyi yana kaɗa ka a tsakiyar zafin Khartoum. Ma'aikacin jinya ya ce alama ce jiki ya tashi faɗa. Na ce to a gaya masa ya yi faɗan da ciwon, ba da ni ba. A hanyar komawa sai in ƙyasta yatsa. Motar ta gangara gefe ta tsaya, in ji an murɗa rediyo har ƙarshe, in ji ƙofa ta buɗe ta rufe. Kuma ba karatu yake kunnawa ba, ya san ba a haɗa karatu da abin da zan yi. Sharhin ƙwallo yake nemowa, shi da bai san ko mutum nawa ne suke bugawa ba. Ni ina tsugune a kan bokiti ina cije baki, wani mutum yana ta ihu a rediyo an kusa ci an kusa ci. In a kan kubri ne inda ba a tsayawa, rediyon kaɗai yake ƙarawa ya ci gaba da tuƙi a hankali.

Wata rana na leƙa ta inda takardar taga ta ɗage, na gan shi can nesa wajen wata mai shayi a gindin bishiya, ya ba motar baya, yana tsaye a rana bai sayi komai ba. Bokitin ni nake sauka da shi da hannuna, wannan ban bar wa kowa ba. Amma kullum na shigo sai in tarar da leda sabuwa da buta a cike. Gaisuwarmu ba ta canja ba ko da kalma ɗaya. Yana durƙusawa, ina duban bango.

Haka muka bi makonnin har suka ƙare. Aka ba ni hutu, sannan aka sa ranar da za a sake leƙawa da na'urar nan a ga ko tsiron ya dawo. Ranar ban iya karyawa ba. Na kwanta a gadon ina kallon silin, likita yana juya abinsa yana kallon allo, ya yi shiru har na fara shirya yadda zan ɗauki jaka a ƙarƙashin riga. Sai ya ce, "Kwayyis, da kyau. Bango ya yi ja saboda magani, amma babu tsiro." Ya ce ba a gama ba, zan riƙa dawowa ana ɗura na biyun jefi-jefi, ana leƙawa, shekaru ma. Na ce ko kullum ne na zo. Na ɗaure mazagina.

Na fito na sami motar a inuwa, na shiga baya na zauna. Ina jin numfashinsa a bayan labule. Na jira ya tayar, bai tayar ba. Makulli yana jiki, na ji ya taɓa shi ya sake. Sai na gane. Yana son ya sani, kuma ba shi da bakin tambaya, don tambayar ta shafi wurin da ni da shi ba mu taɓa yarda akwai shi ba. A ƙa'ida sai mun je gida in gaya wa mai ɗakina, ta gaya wa 'yata, ita kuma ta gaya masa da yamma.

Na gyara murya na yi magana da labulen. "Malam."

"Na'am, Baba."

"Sun duba. Babu komai. Sun bar min abata."

Sai na ji wani sauti kamar mutum ya ƙware da ruwa. Labulen ya ɗan motsa. Yana ta ƙoƙarin dannewa, abin yana fin ƙarfinsa, har kujerar tana girgiza. Mutumin da bai taɓa yarda na ga yana shan ruwa ba, ga shi yana kuka kamar yaro, taku ɗaya daga gwiwata, kuma na san in ya tuna ina ji zai so ƙasa ta haɗiye shi.

Na laluba ƙofa na buɗe. Na ce, "Af, na manta carbina a ɗakin likita. Bari in duba, zan ɗan jima."

Na sauka na koma baranda na zauna a bencin 'yan rakiya, carbin yana aljihuna. Na ja shi a ɓoye har sai da na tabbata ya isa ya wanke fuska.